Lallen da Ya Raka Zelia

A unguwar Nima ta birnin Akra, idan azahar ta wuce, rana ta zauna daram a kan kwanon rufi, ba abin da Hajiya Damata take so irin ta jawo kujerarta bakin ƙofa ta lumshe ido. Ita dai ta ce ba barci take yi ba. Duk gidan an sha jin minsharinta, amma wa ya isa ya faɗa? Shekara arba'in ta yi tana dama koko tana suyar ƙosai a bakin babbar gota, kwatar unguwa, sai da gwiwoyi suka ce sun gaji sannan ta sakar wa surukarta kasko da ludayi. Tun daga lokacin ta samu sararin zuwa Ayikoman kullum da rana, ko da yake ƙafarta ba ta taɓa taka garin ba.

Ayikoman ƙauyen Ankarawa ne, wato Ga masu ƙasar, can bayan gari ta hanyar arewa. A zamanin da ake koro shanu da ƙafa, nan fatake suke sauka su huta kafin su shiga Akra. Wata shekara zazzaɓi ya ɗauke ɗaya daga cikin masu korar, abokan tafiyarsa suka roƙi mai garin wurin da za su sa shi, ya nuna musu wani fili a gefen rafi. Daga mutum ɗaya aka koma goma. Ko bayan da jikokin fataken suka kafa gidaje a Nima da Maamobi, akwai zuri'o'in da ba su yarda a kai nasu ko'ina ba sai can, kusa da kakanni. Sai da tsofaffin da suka damu suka ƙare, hanya kuma ta yi wa na baya nisa, sannan aka daina.

Mata ba sa bin gawa, wannan kowa ya sani. Amma matan zango, wato unguwannin baƙi, ba su iya naɗe hannu su zauna ba. Kafin a ɗaga makara, uwar mamacin ko matarsa ko 'yarsa sai ta zagaya bayan ɗaki ta karyo reshe daga abin da ta shuka, ta miƙa wa namijin da ta yarda da shi. A can sai a kafa shi ta wajen kai, a juye masa sauran ruwan da aka kwaɓa ƙasa da shi. Ɗan rakiya ake ce masa. Ba allo, ba rubutu, amma kowane gida da alamarsa. Mosawan da suka gaji korar shanu aduruku suke bayarwa. Zabarmawa masu albasa, bini-da-zugu. Kotokoli shuwaka, Dagomba zogale. Maza su kafa su juyo su manta, matan da suka karyo kuwa ba su manta ko ɗaya ba.

Damata lalle ta bayar. Tana da shekara goma sha tara, 'yarta ta fari tana da wata bakwai, baƙon dauro ya bi layinsu gida-gida. Da aka naɗe yarinyar, mijinta Saaka ya rungume ta a ƙirji, don ba ta kai a nemo makara ba. Damata ta zagaya ta karyo reshen lallen da uwarta ta dasa mata ranar da ta tare, siriri, bai fi ɗan yatsa kauri ba. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba. 'Yar fari ce, kunya ta hana ta ko kiran sunan yarinyar tun tana raye, balle yanzu. Sunan Zelia ne, kuma bai taɓa fita daga bakinta ba.

Da yamma Saaka ya dawo da jar ƙasa a ƙafar wando. Ya ce ya kafa, can ƙarshe ta wajen rafi inda ake sa yara. Bai ƙara ba, ita ma ba ta tambaya ba. Har ya bar duniya ba ta tambaye shi ko reshen ya kama ba, saboda tsoro take ji. In ya ce ya bushe, to ke nan yarinyar ita kaɗai take kwance a dajin mutane, ba kowa nata a kusa. Gara ta zauna da rashin sani. Daga ranar kuma ba ta sake sa lalle ba, ko na salla ko na biki. Ta ce ƙaiƙayi yake sa ta, mutane suka yarda.

Shi ya sa take zuwa da rana, ido a rufe. Hayaniyar layi sai ta ja baya a hankali, ƙahon motocin haya na trotro ya koma kukan kurciya, warin gota ya zama ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sai ta ga kanta tana ratsa lambu. Ta wuce adurukun Mosawa a jere kamar masu jiran sahu, ta gaida shuwakar tsohuwa mai tuwon Maamobi, zogalen gidansu ya kaɗa mata ganye a kafaɗa. Ba mai magana, amma kowa ya san da zuwanta. Can ƙarshe, inda ake jin motsin ruwa, ɗan lalle yana tsaye, tsayinsa iya gwiwa. Kullum iya gwiwa. Da ta sunkuya za ta taɓa shi sai wani ya buɗe famfo a tsakar gida, ko ladan ya kira la'asar.

Issifu ne ya zo da labarin, ɗan da ta haifa bayan shekara biyu da wancan rashi. Yanzu ya ba hamsin baya, yana da shagon gyaran firji da tumbi da shugabancin ƙungiyar unguwa, kuma a cikin ukun shugabancin ya fi ji da shi. Kowa ɗan fari ya ɗauke shi, shi ma haka ya ɗauki kansa. Ƙawayen Damata sun sha yi mata tsiya cewa ba ta da ta-ido, tana kwaɗa wa ɗan fari kira da sunansa gatsal a bainar jama'a. Sai ta yi dariya kawai.

Ya zauna a kan benci ya zayyana mata. Gari ya ci ya ci har ya kai Ayikoman. Masu ƙasar sun sayar da filayen da ke kewaye, mai buga bulo zai kafa injinsa a bakin rafi, amma sun ce maƙabartar baƙi ba za a taɓa ta ba in dai zango za su zagaye ta da katanga. Safiyo mai awon fili zai sa fegi iya inda kaburbura suka tsaya. Don haka ƙungiya ta yi gayya, mutum talatin da adduna, suka share wurin don safiyo ya ga komai sarai. An sa fegi jiya, ranar Asabar magini zai fara tona tushe.

"Mun gyara shi paa, Mma," in ji shi. "Daji ne kawai a da. Yanzu ko tsinke ba ki gani, kraa."

Damata ta dube shi. Yana jiran a sa masa albarka, fuskarsa sai sheƙi take. Ta ji tausayinsa, ta kuma ji kamar ta kwaɗa masa ludayi. Ta tambaye shi itatuwan fa. Ya ce ai su suka fi ba su wahala. Sai ta ce gobe da safe zai kai ta, ita da Memunatu. Ya fara kawo zancen gwiwa da zancen mata da maƙabarta, ta ce malamin masallacinsu ya ce ziyara ba laifi in ba kururuwa za a yi ba, ita kuwa shekara hamsin da uku ba a ji kururuwarta ba. Bai gane abin da take lissafawa ba, amma ya ce to.

Memunatu ƙawarta ce tun suna 'yan mata, Bazabarma daga Maamobi, doguwa, bakinta ba ya ajiye magana ta kwana. Ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san da Zelia. A cikin tasin da Issifu ya ɗauko, ta wanke shi tas tun daga Nima har suka fita gari: mutum talatin, gemu talatin, ba wanda ya yi tunanin ya tambayi uwarsa. Damata ta jingina kai da gilashi tana kallon shaguna da gidajen sama suna wucewa, tana ta jiran inda daji zai fara. Dajin bai fara ba har direba ya taka birki ya ce an iso.

Ta sauko ta tsaya. Fili ne ja, tas, kamar kan da aka yi wa aski. Ba inuwa ko ta tsayuwar mutum ɗaya. A tsakiya akwai kaburbura kamar goma sha biyar da aka yi wa bakin siminti a shekarun baya-bayan nan, su kaɗai ido yake gani, su kaɗai kuma safiyo ya zagaye da fegi da jar igiya. Sauran duk ruwan sama ya daɗe da shafe tudunsu. A gefe an tara rassa tuli guda suna bushewa, ana jiran ranar sa wuta. Damata ta ji baƙin ciki ya taso mata, ba don fili ya yi muni ba, sai don lambun da take zuwa kullum ya tabbata akwai shi, kuma ta makara da kwana biyar.

Memunatu ce ta fara gani. Ta zungure wani abu da sandarta, ta sunkuya ta kankare shi da farce, wani ruwa mai yauƙi ya fito. Ta ce wannan bini-da-zugu ne, kuma in bini-da-zugu ne to gidansu ne. Addar ta sare sama, ba ta tone ƙasa ba. Kututture ne ko'ina, ƙanana da manya, wasu sun ɓuya a cikin turɓaya.

Haka tsofaffin nan biyu suka shiga karatu. Su kankare, su shinshina, wani lokaci su ɗanɗana. Damata ta taɓa wani da harshe ta tofar, ɗaci ya gaya mata shuwaka ce. Ta ce nan mai tuwon Maamobi take, ga mijinta a gefe, ga ƙanensa direban da mota ta faɗi da shi a hanyar Kumasi. Ta ji yajin saiwar zogale ta ce wannan kakan Issifu ne na wajen uba, wanda ya zo da ƙafa daga Yendi da buhun gishiri. Memunatu ta lissafo Zabarmawa tara a jere, har da wanda aka ce bai taɓa dariya ba sai ranar da albasa ta yi tsada. Inda ɗaya ta manta ɗaya ta tuna. Rana tana hawa, iska tana rawa a kan jar ƙasa, a idon Damata kuwa duk kututturen da ta kira sunan mai shi sai ya miƙe ya yi ganye, har ta fara jin sanyin inuwa a wuyanta. Issifu yana biye da su yana ɗora dutse a kan kowane, tumbin ya jiƙe da gumi. Duwatsun sun tsallake jar igiyar tun tuni.

Sai lalle ne babu. Damata ta bi gefen rafi da rarrafe, ta manta da gwiwa, tana tona turɓaya da yatsu. Duk ɗan tsinken da ya kai kaurin yatsa ta kankare shi. Ciyawa ce, ko ƙaya, ko saiwar rogo. Ta je ta dawo sau uku. A na huɗu ta gaji, ta samu wani babban kututture can bayan fegin ƙarshe, inda aka riga aka fara sauke yashin mai bulo, ta zauna a kansa. Abin da ta guje wa sani shekara hamsin da uku ya same ta a zaune: reshen bai kama ba. Ba ta san inda yarinyar take ba, ba kuma za ta iya cewa a matsar da igiya don kabarin da ba ta iya nunawa ba. Ranar Asabar za a ja katanga, inji ya hau kan abin da ya rage.

Tana nan zaune wata tsohuwa ta ɓullo daga hanyar rafi, da kwando a ka da zanen Ankarawa ɗaure a ƙirji. Issifu ya gaishe ta da ladabi, ya raɗa wa uwarsa cewa Anti Korkoi ce, yayar mai garin, jikar wanda ya ba fatake filin. Ta yi shekaru tana sayar da kifi a kasuwar Nima, ta kwaso Hausar kasuwa wadda ba ta raba mace da namiji. Ta sauke kwandon, ta dubi filin ta girgiza kai, sannan ta dubi Damata.

"Hajiya, tashi," ta ce. "Ka zauna a kan itacen farce."

Damata ba ta gane ba. Korkoi ta miƙo hannu ta nuna mata faratanta. Rabin kowane ja ne, jan da ya fara tsufa, sabon fari yana turo shi daga ƙasa. Ta ce duk matan Ayikoman da wannan itacen suka yi ado. Tun tana budurwa suke zuwa tsinkar ganyensa, ba su san wa ya dasa ba, sun dai san na baƙi ne, don haka ba a karya reshe, ganye kawai ake ɗiba a ce an gode. In ya yi fure da damina har cikin ɗakuna ake jin ƙanshinsa. Ranar da aka sare shi tana gona, da ta dawo ta ga sarari ta kasa cin abinci.

Damata ta zame daga kan kututturen ta durƙusa. Kaurinsa ya kai cinyar mutum. Sau uku ta wuce shi ba ta ko dube shi ba, ɗan yatsa take nema. Ta kankare ɓawon da farce ta kai hanci, sai ga bayan ɗakin uwarta, ga turmi, ga ranar tarewarta, duk a lokaci guda. A gindin, ta gefen da yashi bai rufe ba, wasu 'yan tofo guda uku sun fito, jajaye-jajaye, ba su kai ƙwayar shinkafa biyu ba.

Issifu ya matso. Ya ce ya tuna wannan, shi da kansa ya sare shi, don ya gagari samarin. Ya buɗe tafin hannunsa, ga kantar da ta fashe ba ta gama warkewa ba. Ya ce amma ai nan bayan fegi ne, safiyo ya riga ya zana a takarda.

Korkoi ta yi tsaki. Ta ce safiyo jiya aka haife shi. Kakanta da ya ba da filin bai auna da igiya ba, cewa ya yi ƙasar baƙi ta ƙare inda itacensu ya ƙare, kuma kowane yaro a gidansu ya san wannan magana. Da aka share itatuwan ne ƙanenta ya rasa abin nunawa. Yanzu ga duwatsu ga kututture, za ta je ta same shi kafin ya ci abincin rana; mai bulo ya kwashe yashinsa ya matsa gaba, rafi dai ba guduwa zai yi ba. Ta dubi Issifu ta ce ya tumɓuke fegin, in an tambaya ya ce ita ce.

Ya je ya tumɓuko. Ya jawo jar igiyar tana jan ƙasa a bayansa, ya wuce duwatsun Zabarmawa, ya wuce na Kotokoli, ya zagayo ta bayan kututturen da taku biyar, ya ɗauki dutse ya buga fegin har ya nutse. Damata tana kallon igiyar ta wuce ta bayanta. Ta ji wani abu da ya daɗe a ɗaure a ƙirjinta ya kwance, har sai da ta dafa ƙasa.

Ta ɗago ta tambayi Korkoi, a hankali, tsayinsa ya kai ina.

Korkoi ta ɗaga hannu sama da kanta, ta yi ɗage, ta ga bai isa ba. Ta karɓi sandar Memunatu ta ɗaga ta ita ma. "Har nan," ta ce. "Ya wuce ma. Yara suna hawa."

Damata ta bi sandar da kallo har ƙarshenta, ta wuce ta, ta tsaya a kan sararin da ba komai sai hasken rana. Shekara hamsin da uku tana sunkuyawa. Murna ce ta zo mata, tsantsarta, tare da hawayen da ba ta yi ba tun tana da shekara goma sha tara, ba ta kuma ɓoye ko ɗaya ba. Memunatu, wadda ba a taɓa jin ta rasa ta cewa ba, ta juya ta nufi tulin rassan, ta shiga zaro masu ƙananan ganye tana karkaɗe su a cikin gyalenta. Sun bushe daidai daka.

Issifu ya dawo yana share hannu a wando. Ya dubi kututturen, ya dubi uwarsa, ya tambaya wane gida ne masu lalle, don bai ji an ambace su ba a cikin lissafin.

"Gidanku ne," in ji Damata. Ta share yashin da ke kusa da 'yan tofon da gefen hannu. "Sunanta Zelia."

Sunan ya fita lafiya lau, kamar kullum take faɗinsa. Issifu ya tsaya da baki a buɗe, mutumin da ya yi shekara hamsin da ɗaya yana ɗan fari. Ta kama gefen rigarsa ta ja shi ƙasa.

"Durƙusa ka gaida yayarka."